Awon ɓarna a ƙarƙashin teku

Idan fara ta sauka a gari, ko ƙorama ta cika ta shiga gonaki, washegari kowa da abin da yake faɗi. Wani ya ce komi ya ƙare. Wani ya ce shi ko zangarniya ɗaya bai rasa ba. Dukansu gaskiya suke faɗi, don kowa gonarsa ya gani. Shi ya sa malamin gona yake zuwa da igiyar awo da kaye. Yakan zaɓi gonaki nan da can, ya auna murabba'i a kowace, ya ƙirga gindin hatsin da ya tsira da wanda ya mutu. Da lissafinsa ne hukuma take sanin garin da ya fi bukatar taimako.

A darasin yau za mu ga irin wannan aiki, amma nesa da Nijar ƙwarai, kuma a ƙarƙashin ruwan teku.

Mine ne murjani?

Kun san murjani, jan dutsen adon nan da mata suke sawa a wuya ko a hannu. Mutane da yawa sun ɗauka haƙo shi ake yi daga ƙasa. A'a, daga teku yake fitowa, kuma wata ƴar halitta mai rai take yin shi. Jan murjanin ado na ainihi, galibi daga Bahar Rum ake samo shi. Amma yana da dangi ɗaruruwa a cikin tekuna masu ɗumi, waɗanda ba a yin ado da su. Zancenmu na yau bisa waɗannan dangi yake.

Ƴar halittar ƙarama ce. Wata kamar ƙwayar gero, wata kamar ƙwayar wake. Jikinta taushi gare shi. Ta yi kama da ƴar jaka mai baki a sama, da ƴan hannuwa kewaye da bakin. Tana tsotsar wani sinadari daga ruwan teku, ta gina ma kanta ɗan gida mai tauri. Sinadarin nan shi ne a ɓawon ƙwai, shi ne a gidan katantanwa, shi ne kuma a dutsen da ake toyawa a yi siminti a Malbaza. Dubbansu suke zama manne da juna. In na ƙasa suka mutu, na sama su yi gini bisa kangonsu. Ku tuna da suri: gara ƙarama ce, amma gininta yakan fi mutum tsawo. Haka murjani yake yi cikin ruwa, shekara bisa shekara, har ginin ya zama tudu. Shi muke kira tudun murjani. Mafi girmansu duka yana gaɓar Ostiraliya. Tsawonsa ya kai kilometir 2300, wato ya fi nisan Yamai zuwa Difa da kusan kilometir 1000.

Akwai wani abin mamaki. A cikin naman ƴar halittar akwai gansakuka ƙanana, waɗanda ido ba ya gani. Suna amfani da hasken rana su yi abinci, su ci, su ba mai masaukinsu. Su ne kuma suke ba murjani launinsa. Don haka murjani mai gina tudu ba ya rayuwa sai a ruwa garau, marar zurfi sosai, inda rana take ratsawa. Ya fi son ɗumin da ke tsakanin digiri 23 da 29. In laka ta rufe shi, ya shaƙe. In ruwa ya yi zafi ainun, ya mutu.

Siffarsa ba ɗaya ba ce. Wani yana da rassa kamar ƙahon barewa. Wani shimfiɗe yake kamar faifai bisa ƙafa guda. Wani dunƙule ne, yakan kai girman rumbu. Mai rassa yakan ƙaru da kamar santimetir 10 a shekara. Dunƙulen kuwa, da ƙyar yake ƙara santimetir 1. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu bukace su.

Tuddan murjani ba su rufe ko kashi 1 cikin ɗari na ƙasan teku ba. Duk da haka wajen kashi 25 cikin ɗari na ire-iren halittun teku a cikinsu suke samun abinci da maɓoya. Miliyoyin masunta da su suka dogara. Tuddan suna karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Baƙi suna biyan kuɗi don su zo su gan su. Alhazanmu ma sun ratsa ta kansu, ko sun sani ko ba su sani ba, don Bahar Maliya cike take da su. Tsofaffin gidajen Jidda da na Sawakin ta Sudan, inda alhazan ƙafa na da suke shiga jirgin ruwa, da dutsen murjani aka gina su.

Ranar 26 ga Disamba 2004

Ranar Lahadi ce. Wajen ƙarfe 8 na safe, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin Tekun Indiya, yamma da tsibirin Sumatara na ƙasar Indunusiya. Ƙarfin girgizar ya kai 9,1 a ma'aunin masana. Ƙasan teku ya tsage bisa tsawon wajen kilometir 1300, wani sashe ya ɗaga sama, ya tunkuɗa dukan ruwan da ke bisansa. Igiyar ruwan da irin wannan girgiza take haifarwa ita ake kira tsunami. Kalmar daga harshen Japan take.

A tsakiyar teku tsunami tana gudu kamar jirgin sama, kilometir 700 ko fiye a awa guda. In ta kusa gaɓa sai gudun ya ragu, ruwan ya taru ya miƙe. Cikin wajen minti 20 ta isa lardin Aceh, a arewacin Sumatara. A wasu wurare can tsawonta ya kai metir 30. Bayan wajen awa 2 ta isa Tailan da Siri Lanka. Bayan wajen awa 7 ta isa Somaliya, a nahiyarmu ta Afirka. Mutane wajen 230 000 suka rasu a ƙasashe 14. A Aceh kaɗai an rasa wajen 170 000.

Aikin farko shi ne ceton masu rai da jana'izar matattu. Amma ba a daɗe ba wata tambaya ta taso. Masuntan da suka tsira za su koma kamun kifi. Shin akwai sauran kifi? Ruwan da ya ɗauki jiragen ruwa ya ajiye su tsakiyar gari, mi ya bar ma murjani? Wanda ya tsaya a gaɓa ya ga gidajen siminti a rushe, sai ya ce babu abin da ya saura a ƙasa. Haka mutane da yawa suka zata. Amma zato ba ya isa a yanke shawara bisa abincin mutane. Sai an shiga ruwa an duba.

Yadda ake awo cikin ruwa

Malamin gona yana tafiya da ƙafarsa, yana numfashi yadda ya ga dama. Mai awon murjani ba haka ba. Yana sa tabarau mai rufe ido da hanci, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. In zai yi nisa ƙasa sai ya goya tulun iska a bayansa, kuma iskar ba ta kai shi fiye da kamar awa guda. Takarda ba ta zama cikin ruwa, don haka bisa farin allon roba yake rubutu da fensir. Magana ba ta yiwuwa, sai ishara da hannu. Ba ya shiga shi kaɗai, kullum su biyu ne, don in ɗaya ya samu matsala ɗayan ya taimake shi.

Gaɓar teku tana da tsawo, masu nutso kaɗan ne. Ba a iya duba ko'ina. Sai a zaɓi wurare, kamar yadda malamin gona yake zaɓen gonaki. A nan ake yawan yin kuskure. In aka je wuraren da aka ji labarin ɓarna kaɗai, lissafi zai nuna ɓarna fiye da yadda take. In aka je wurare masu sauƙin isa kaɗai, zai nuna ƙasa da yadda take. Sai a haɗa: gefen tsibiri mai fuskantar igiyar ruwa da gefen da ke baya, ruwa marar zurfi da mai zurfi, kusa da gari da nesa da gari.

In ana son ganin wuri mai faɗi da sauri, akwai wata dabara. A ɗaura igiya a bayan ƙaramin jirgi mai inji, a ɗaura katako a bakin igiyar. Mai dubawa ya riƙe katakon, fuskarsa cikin ruwa, jirgi yana jan shi a hankali. Kowane minti 2 a tsaya, ya rubuta ƙiyasin abin da ya gani. Dabarar tana da sauri, amma ƙiyasin ido ce. Mutum biyu za su iya ganin wuri ɗaya su ba da lamba biyu.

In ana son lamba tabbatacciya, sai a shimfiɗa igiyar awo bisa tudun. Wata ƙungiya mai suna Reef Check ta koya ma ƴan sa-kai a ƙasashe da yawa wani tsari mai sauƙi. Igiyar metir 100 ce. A cikinta ana auna yanki 4, kowane metir 20, da tazarar metir 5 tsakaninsu. Mai nutso yana bin igiyar, kowane santimetir 50 ya tsaya ya dubi abin da ke ƙarƙashinta daidai wurin. Murjani mai rai ne? Wanda ya mutu kwanan nan ne? Ɓaraguzai ne, ko rairayi, ko laka? Ya rubuta, ya ci gaba. Kowane yanki yana da tsayawa 40, duka 160. A ce ya samu murjani mai rai sau 48. To, 48 cikin 160 shi ne kashi 30 cikin ɗari. Mai nutso ba shi da ikon kauce ma wuri marar kyau ya zaɓi mai kyau. Igiya ce take zaɓa. Nan amfaninta yake.

Wasu kuma sukan ajiye murabba'in ƙarfe ko na roba, metir 1 kowane gefe, su ɗauki hotonsa, su yi ƙirga daga baya bisa tudu.

Sauran aiki shi ne mafi wuya, kuma shi ne ya fi bukatar hankali. An ga murjani a karye. To, mi ya karya shi, kuma yaushe? Ba kowace karaya ce ta tsunami ba. Ku dubi reshen itace: wanda aka karya yau fari ne a ciki, yana da danshi, wanda ya karye bara ya bushe ya yi baƙi. Murjani ma haka. Sabuwar karaya fara ce fat, bakinta da kaifi. Bayan ƴan makonni gansakuka ta rufe ta, ta koma ruwan ƙasa ko kore. Bayan watanni da yawa bakin ya dakushe. In aka yi jinkiri, sabuwar ɓarna da tsohuwa su zama iri ɗaya. Shi ya sa masu awo suke hanzari, ko da ruwa bai gama washewa ba.

Abin da aka samu a Tailan

Larduna 6 na Tailan suke bakin tekun Andaman, inda tsunami ta buga. Kwana 4 bayan masifar, hukumar kula da albarkatun teku ta ƙasar ta tara malaman jami'o'i da masu nutso ƴan sa-kai. Daga 30 ga Disamba 2004 zuwa 15 ga Janairu 2005 suka duba wurare 174. Tun da sauri ake, sai suka kasa ɓarna mataki 5: babu ɓarna, ɓarna ƙanƙanuwa, ɓarna kaɗan, ɓarna matsakaiciya, da ɓarna mai tsanani, wato inda fiye da rabin murjanin ya lalace.

Ga abin da lissafi ya nuna. Wajen kashi 40 cikin ɗari na wuraren, ba a ga ɓarna ba ko kaɗan. Kashi 21, ɓarna ƙanƙanuwa. Kashi 17, ɓarna kaɗan. Kashi 9, matsakaiciya. Kashi 13 ne kawai suka lalace ƙwarai. Su kansu masanan sun yi mamaki.

Ɓarnar kuma ba shimfiɗe take ko'ina daidai ba. Dabbare-dabbare take, kamar ruwan farkon damina da yakan jiƙa wannan gona ya bar ta kusa da ita. Ta fi tsanani a matsattsun wurare tsakanin tsibiri da tsibiri, inda ruwa ya kutsa da ƙarfi, kamar a tsibiran Surin da Similan da Fi-Fi. A can an ga murjani mai kama da faifai a kife, an ga rassa a kakkarye, an ga gangaren rairayi ya zaftaro ya binne abin da ke ƙasa. Wani abin da ba a zata ba: ruwan da ya koma teku ya yi tasa ɓarnar dabam. Ya kwaso laka, da kwanon rufi, da itatuwa, da kayan ɗaki, ya zube su bisa murjani. Kowace igiya ta zo sai ta gurza su a jikinsa.

Aceh: amfanin tsohon lissafi

Awon Tailan ya faɗi yawan abin da ya karye. Amma in kana son sanin abin da gona ta rasa, sai ka san damma nawa take bayarwa a da. A Aceh an yi sa'a bisa wannan. A watan Maris na 2003, kafin tsunami, masana sun auna wasu tuddai a tsibirin We, kusa da birnin Banda Aceh. Lissafin yana nan a ajiye. A watan Maris na 2005 wani masani daga Ostiraliya, Andrew Baird, da abokan aikinsa na Indunusiya suka koma wuraren, suka sake awo.

Da aka gwama lambobin shekarun biyu, sai aka ga murjanin ruwa marar zurfi bai canza ba, in ban da wuri ɗaya da laka ta rufe. Alhali nan kusa ne da inda tsunami ta fi ƙarfi a duniya duka. Murjanin da ya manne bisa dutse mai ƙarfi ya tsaya. Wanda ya faɗi shi ne wanda yake zaune bisa rairayi ko ɓaraguzai, galibi can ƙasa. Sun ga manyan dunƙulaye a kife, an tumɓuke su kamar tulu. Ku tuna da santimetir 1 a shekara. Dunƙulen da tsawonsa ya kai metir 2, shekara nawa ya yi yana girma? Wannan ya bambanta da ɓarnar guguwar teku. Guguwa saman ruwa take kaɗawa, sai ta fi karya murjanin sama. Tsunami kuwa dukan ruwan take motsawa, daga sama har ƙasa.

Amma masanan sun ga tuddai da yawa a mace murus, sun zama ɓaraguzai. Da sun yi gaggawar hukunci, da sun rubuta cewa tsunami ce. Sai suka duba da kyau: ɓaraguzan tsofaffi ne, bakinsu ya dakushe, gansakuka ta daɗe da rufe su. Tun kafin 2004 suka mutu. Wa ya kashe su? Masu kamun kifi da bam da guba. Mutum ya cika kwalba da abin fashewa ya jefa cikin ruwa, kifi ya taso a mace, ya kwashe. Murjanin da ke ƙasa ya farfashe. Ya samu kifin rana ɗaya, ya rusa gidan kifin shekara da shekaru.

Inda aka hana irin wannan kamu, murjani yana nan da yawa. Wasu wuraren gwamnati ce take tsaronsu. Wasu kuma mutanen gari ne. Masuntan Aceh suna da wani shugaba na gargajiya da suke kira Panglima Laot, kamar sarkin ruwa a wurinmu. Sarautar ta yi ɗaruruwan shekaru. Shi yake faɗin irin kayan kamun da aka yarda da su, shi yake sasanta rigimar masunta, kuma bisa al'adarsu ba a fita kamu ranar Juma'a. Hukuncin masanan a fili yake: ɓarnar da hannun mutum ya yi a hankali, shekara bisa shekara, ta fi ta tsunami nesa ba kusa ba.

Sun duba wata magana kuma. Bayan masifar an yi ta cewa garuruwan da ke bayan lafiyayyen murjani sun tsira, waɗanda suka ɓata nasu sun halaka. Magana ce mai daɗin ji. Amma a Aceh awo bai gaskata ta ba. Nisan da ruwa ya ci a tudu ya danganta ne da tsawon igiyar da kuma yanayin gaɓa, ko shimfiɗe take ko tana da tsauni. Tudun murjani yana kare gari daga igiyar yau da kullum da ta guguwa. Igiyar metir 30 ta fi ƙarfinsa. Mai awo na kirki yakan faɗi abin da ya samu, ko da ba shi ake son ji ba.

Tuddan da suka fito waje

Akwai wuraren da ba a bukaci tulun iska ba. Girgizar ƙasar ta ɗaga wasu tsibirai sama. Arewacin tsibirin Simulu ya tashi da wajen metir 1 da rabi. Ranar 28 ga Maris 2005 wata girgizar ta sake aukuwa, ta ɗaga wani sashe na tsibirin Niyas da kusan metir 3. A arewacin tsibiran Andaman ma ƙasa ta tashi. Tuddan murjanin da suke cikin ruwa jiya, yau ga su a waje rana tana dukansu. Cikin ƴan kwanaki suka mutu, suka yi fari. Mutane suka riƙa tafiya da ƙafa a inda da sai da jirgi. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa, sai dai sabon murjani ya tsiro can ƙasa inda ruwa ya koma.

Matattun tuddan sun yi ma masana girgizar ƙasa amfani. Murjani ba ya girma ya wuce iyakar ruwa lokacin da teku ta janye. Don haka samansa alama ce ta inda ruwa yake tsayawa a da. In ka auna daga wannan alama zuwa inda ruwa yake yanzu, ka san yawan tashin da ƙasa ta yi. Da haka aka samu wasu daga lambobin da muka faɗi.

Mi aka yi da lissafin?

Da an yarda cewa komi ya ƙare, da an kashe kuɗi masu yawa wajen zuba tubalan siminti cikin teku don su maye gurbin murjani, ko kuma a bar tuddan a ce ba su da sauran amfani. Lissafi ya nuna wata hanya mai arha. A Tailan masu nutso suka shiga kwashe shara daga bisa tuddai. Suka tada murjanin da ya kife tun bai mutu ba, suka kafa shi. Suka manna wasu karyayyun rassa bisa dutse, don reshen murjani yakan kama ya ci gaba da girma, kamar yadda ake dasa rogo. Wuraren da suka fi lalacewa aka rufe su na wani lokaci don su huta.

Masana na ƙasashe da yawa suka haɗa rahoto bisa dukan ƙasashen da tsunami ta shafa. Suka ce yawancin tuddan za su farfaɗo da kansu cikin shekara 5 zuwa 10, muddin aka rage masu wahalar da mutane suke ba su: bam, da guba, da ƙazamin ruwa, da lakar da ke gangarowa daga inda aka sare daji. A 2008 masu awo a Aceh suka ga ƴan ƙananan murjani sun tsiro da yawa a wuraren da suka lalace.

Sai dai a 2010 wata masifar ta zo, wadda ba ta da ƙara ko girgiza. Ruwan tekun Andaman ya yi zafi fiye da kima. A watan Mayu ya kai digiri 34 a gaɓar Aceh. In zafi ya yi yawa, murjani yakan kori gansakukar da ke cikin namansa. Launinsa ya tafi, ya yi fari kamar ƙashi, abincinsa ya yanke. In ruwa ya huce da wuri yakan farfaɗo. In zafin ya daɗe, yunwa ta kashe shi. A wurare da yawa na Aceh da Tailan, zafin 2010 ya kashe murjani fiye da abin da tsunami ta kashe. A farkon 2011 Tailan ta rufe wasu wuraren nutso saboda haka. An iya gane girman wannan sabuwar ɓarna ne don lissafin 2005 yana nan a rubuce, sai aka sake shimfiɗa igiya a wuraren da aka auna a da.

Mu gwada da kanmu

Ku samo ɓawon ƙwai da lemun tsami. Ku farfasa ɓawon cikin ƙoƙo, ku matsa lemun a bisa, ku sa ido. Mi kuka gani yana tasowa? Haka dutsen murjani yake yi in tsami ya taɓa shi.

Sa'an nan ku fita filin makaranta, ƙungiya-ƙungiya. Kowace ƙungiya ta samu igiya mai tsawon metir 10, ta ƙulla ta kowane santimetir 50, har ƙulli 20. Ɗaya daga cikinku ya juya baya ya jefa tsakuwa. Inda ta faɗi, nan za ku fara shimfiɗa igiya. Ku dubi ƙarƙashin kowane ƙulli, ku rubuta: ɗanyar ciyawa, busasshiya, rairayi ko dutse. Ku fitar da kason ɗanyar ciyawa cikin ɗari. Ku kafa turke a kowane bakin igiya, ku rubuta ranar a kaye, ku ba malam ya ajiye. Bayan wata 3 ku koma wurin ku sake awo.

Tambayoyi

1. Don mi murjani mai gina tudu ba ya rayuwa cikin ruwa mai laka?
2. A Tailan an duba wurare 174, kashi 13 cikin ɗari suka lalace ƙwarai. Wajen wurare nawa ke nan?
3. Mai nutso ya tsaya sau 160. Ya samu murjani mai rai sau 40. Kashi nawa ke nan cikin ɗari? In a da kashi 45 ne, nawa aka rasa?
4. Yaya ake gane sabuwar karaya daga tsohuwa?
5. Reshen murjani mai tsawon santimetir 60 ya karye. Dunƙule mai tsawon santimetir 60 ya mutu. Wajen shekara nawa kowane zai yi kafin irinsa ya sake kai haka?
6. Don mi aka ce ku juya baya kafin ku jefa tsakuwa?
7. Ku tambayi wani dattijo ko malamin gona yadda ake ƙiyasta ɓarnar fara ko ta ambaliya a garinku. Ku rubuta abin da ya faɗa maku cikin layi 10.